Takin da Ke Ɓoye a Saiwar Waken Suya

Ya kai manomi, in ka taɓa tuge wake ko gyaɗa ka ga wasu ƙananan ƙulle-ƙulle manne a jikin saiwa, kada ka ɗauka cuta ce. Gidaje ne na wasu ƙwayoyin bakteriya da ake kira rizobiya, waɗanda ido ba ya iya gani. A wannan zamani da buhun takin zamani ke neman gagarar talaka, gonakin Kubwa da sauran ƙauyukan Bwari kuma na raguwa saboda gine-gine, ya kamata ka san amfanin waɗannan ƙwayoyi.

Yadda suke aiki

Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa sinadarin naitirojin ne, wato abincin da kake saya a buhun yuriya. Amma shuka ba ta iya shansa daga iska. Rizobiya ke shiga saiwar wake, su mayar da wannan iska abincin shuka, ita kuwa shukar ta ciyar da su da sukarin da ganyenta ke haɗawa. Tun a shekarar 1888 wani masani ɗan ƙasar Holan mai suna Beijerinck ya fara ware su daga saiwa. Akwai kuma wasu ƙwayoyin da ke zaune kewaye da saiwa, suna narkar da sinadarin fosfaros, suna kuma tare wa ƙwayoyin cuta wurin zama.

Me ya sa waken suya ya bambanta?

Wake da gyaɗa sun daɗe a ƙasarmu, don haka galibi sukan sami abokan zamansu a cikin ƙasa. Waken suya kuwa asalinsa daga ƙasar Sin yake, ƙwayoyin da suka dace da shi ba su da yawa a gonakinmu. Saboda haka cibiyar IITA, wadda ke da hedkwata a Ibadan da kuma tashar gwaji a Kubwa, ta samar da irin da sunansa ke farawa da TGx, kamar TGx 1448-2E, mai iya zama da ƙwayoyin da ke ƙasarmu. Daga baya ta fitar da garin NoduMax da ake cuɗa iri da shi. Shirin N2Africa, wanda ya gudana daga 2009 zuwa 2019, ya gwada wannan dabara a gonakin manoma a arewacin Nijeriya, aka ga amfani ya fi ƙaruwa inda aka haɗa garin da takin fosfaros.

Yadda za ka cuɗa iri

1. Ka zauna a inuwa, domin zafin rana na kashe ƙwayoyin.
2. Ka jiƙa irin kaɗan da ruwan ƙaro ko ruwan sukari, yadda garin zai manne.
3. Ka zuba garin gwargwadon abin da aka rubuta a jikin leda, ka juya a hankali har kowace ƙwaya ta yi baƙi.
4. Ka bar shi ya sha iska, ka shuka a ranar, cikin ƙasa mai damshi.
5. Kada ka haɗa garin da taki. In irin na da maganin ƙwari a jikinsa, ka tuntuɓi malamin gona tukuna.

Ka sa takin supa lokacin shuka, amma kada ka tuttula wa waken yuriya. In shuka ta sami naitirojin a sauƙaƙe, sai ta rage yin ƙulle-ƙullen, ka yi asara sau biyu. Ka kuma guji wurin da ruwa ke kwanciya, domin ƙwayoyin na bukatar iska.

Ka gwada da idonka

Mako shida bayan shuka, ko lokacin da waken ya fara fure, ka tono tushe biyar da fartanya daga sassa daban-daban na gona. Kada ka fizge, ƙulle-ƙullen za su zube. Ka wanke saiwar, ka tsaga ƙulli da reza. In cikinsa ja-ja ne, ƙwayoyin na aiki. In fari ne ko kore, ba sa aiki. Malamin gona ya yi wannan gwaji a gaban manoma, domin gani ya kori ji.

Bayan girbi

Yawancin naitirojin na tafiya ne cikin ƙwayar da ka kai kasuwa. Abin da zai rage wa gona yana cikin ganye da saiwa, saboda haka kada ka ƙone su. Damina mai zuwa ka shuka masara a wurin. Wasu irin waken suya kan sa ƙwayar wuta-wuta ta tsiro ta mutu don ba ta sami abin kamawa ba. Masarar za ta bukaci taki duk da haka, sai dai ba kamar a gajiyayyar ƙasa ba.

Kafin damina ta kankama, ka nemi malamin gona na yankinka ya nuna maka inda ake samun ingantaccen iri da garin da wa'adinsa bai ƙare ba.