Masu sa kai na koya wa ɗiyan lakwal rubutu: ina rabon ƴan kasuwa a cikin aikin?

Duk mai zama a kasuwa ya san wannan lamari. Mai ciniki ya ɗauki tiya uku ta gero bashi, ya ce sai kasuwa mai zuwa. Uwar rumfa ta kira ɗanta da ke aji biyar a lakwal, ta miƙa masa bik da guntun kwali, ta ce ya rubuta sunan mutumin da yawan kuɗin. Yaro ya riƙe bik, ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya zana haruffa uku ko huɗu, ya tsaya cak. A ƙarshe uwar ta koma ga abin da ta saba, wato riƙe lissafi a ka, ko jan layi da gawayi a jikin bango. Alhali kuwa in aka buɗe kayen yaron, za a tarar da shi cike da rubutu mai kyau, shafi bayan shafi.

Abin da uwaye da dama ba su sani ba shi ne, rubutun da ke cikin kayen nan kwafe ne. Mushe ya rubuta a babban allo, yaro ya kwashe kamar mai zana hoto. Kwafe daban, rubutu daban. Rubutu shi ne yaro ya ɗauko magana daga cikin kansa ya sa ta a takarda, wani ya karanta ya gane. A nan ne ɗiyan makarantun gwamnati da yawa ke kasawa, kuma wannan giɓin ne masu sa kai ke ƙoƙarin cikewa a unguwanni da ƙauyuka bayan an tashi daga lakwal.

Girman matsalar

Ba zargi ba ne, an auna an gani. Akwai wani gwaji mai suna PASEC da ake yi wa ɗiyan firamare a ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci. A gwajin shekarar 2014, a cikin yaran Nijar da suka kai ajin ƙarshe na firamare, waɗanda suka iya karatu yadda ya kamata ba su kai 1 cikin 10 ba. A na 2019 an samu ci gaba, suka kai wajen 3 cikin 10. An gode Allah, amma har a lokacin yara 7 cikin 10 na fita firamare ba su fahimtar abin da suka karanta sosai. Wanda kuwa karatu ya gagara, rubutu ya fi gagarar sa.

Dalilan a fili suke. A birane irin Maraɗi da Damagaram, aji ɗaya kan cika maƙil, ta yadda malami ba shi da halin duba kayen kowane yaro. A karkara, inda ake karatu cikin rumfunan kara, sau da yawa ba a somawa sai an gama girbi an samu karan yin rumfa, makwanni sun riga sun wuce. Tun daga 1998 kuma ƙasa ta shiga ɗaukar malaman kwantaragi da yawa domin buɗe makarantu ko'ina, wasunsu ba su samu cikakken horo ba kafin a ba su aji. Ga yajin aiki da kan cinye kwanaki.

Sai babbar matsala, wato harshe. Yaron da ya tashi da Hausa a gida da kasuwa, ana so ya koyi riƙe alƙalami da sabon harshe a lokaci guda. Faransanci kuwa ba yadda ake faɗinsa ake rubuta shi ba. Sautin "o" kaɗai ana rubuta shi o, ko au, ko eau, ga kuma haruffan da ake rubutawa a ƙarshen kalma ba a furta su. Hausar boko ba haka take ba, kusan abin da kunne ya ji shi hannu ke rubutawa. Masana ilimi na ƙasar nan sun daɗe da gane haka, domin tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram inda ake soma karatu da Hausa kafin a shiga Faransanci. A 2025 ma, kundin sabunta ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Sai dai takarda ba ta koya wa yaro rubutu, sai an samu mai zama kusa da shi.

Daga Tawa aka soma

Shigar jama'ar gari cikin sha'anin lakwal ta samu gindin zama ne a 2004, lokacin da ma'aikatar ilimi tare da hukumar JICA ta ƙasar Japan suka soma wani shiri a jahar Tawa, wanda ma'anar sunansa ita ce makaranta ta kowa da kowa. Dubarar ita ce a zaɓi ƴan kwamitin kula da makaranta, wato COGES, ta hanyar ƙuri'ar asiri, don kada kujera ta zama gadon masu faɗa a ji, sannan a tara gari a tsara aikin shekara a bainar jama'a. A 2007 aka bazu da tsarin a ƙasa baki ɗaya. Daga baya sunan kwamitin ya koma CGDES.

Da farko aikin kwamitocin bai wuce gina rumfa, gyaran tebur da neman uwaye su kawo ɗiyansu ba. Yara suka ƙaru, amma aka lura zuwa lakwal ba shi ne iya karatu ba. Daga nan aka ɓullo da ƙarin darasi a wajen lokacin aji. Ana yi wa yara ɗan gwaji, a karanta sakamakon a gaban taron gari, kowa ya ji da kunnensa yara nawa ne ba su iya ba. Sai garin ya yanke ranaku da awoyin da za a ƙara, ya kuma fitar da mutanen da za su taimaka wa malamai. An soma da lissafi, daga baya aka haɗa da karatu da rubutu. A jahar Tilaberi tsarin ya kai makarantu fiye da 3000.

Wata shaida daga nesa ta ƙarfafa wannan hanya. A ƙasar Indiya, inda su ma makarantun gwamnati ke fama da cunkoso, wata ƙungiya mai suna Pratham ta gwada hanyoyi uku a gundumar Jaunpur a 2005 da 2006. Inda aka tsaya ga taron wayar da kai kawai, karatun yara bai motsa ba. Inda aka horar da matasan ƙauye na ƴan kwanaki suka riƙa koyarwa da marece, yaran da suka halarta sun ci gaba ƙwarai. Biyu daga cikin masanan da suka bi diddigin aikin, Abhijit Banerjee da Esther Duflo, sun samu kyautar Nobel a 2019. Darasin a taƙaice: taro da jawabi ba su isa ba, sai an zauna da yaro.

Su wane ne masu sa kan, kuma yaya suke yi?

Ba wasu baƙi ba ne. Saurayi ne da ya tsaya a kwaleji yana jiran aiki, ko ɗaliba ƴar lise a lokacin hutu, ko tsohon malami da ya yi ritaya, ko matar aure da ta yi boko kafin a ɗauke ta. Kayan aikinsu tabarma, alli, ƙananan alluna da inuwar bedi ko zauren mai unguwa.

Ƙa'ida ta farko ita ce, ba a tambayar yaro ajinsa, ana duba abin da ya iya. Wanda bai san haruffa ba yana rukuni guda, ko da a CM2 yake. Mai haɗa kalma yana nasa rukunin, mai iya jimla yana nasa. Yaro ba ya hawa sai ya iya, kuma da ya iya ba a tsare shi. Wanda ya yi makarantar allo ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin malam ba ya ba almajiri izinin wanke allo sai ya biya daidai, kuma kowa da inda ya tsaya.

Ƙa'ida ta biyu, yaro ya faɗa da baki kafin ya rubuta. Mai koyarwa zai tambaye shi abin da ya gani a hanya yau, ko abin da aka dafa jiya. Yaro ya faɗa, sannan ya rubuta jimla ɗaya. Gobe biyu. Bayan makwanni ya kai ga layi biyar masu ma'ana. Da yawa kan soma da Hausa don hannu ya saki, yaro ya gane cewa harafi sauti ne, sannan a juya zuwa Faransancin da za a tambaye shi a jarrabawa.

Ƙa'ida ta uku, ba a cika takardar yaro da jan bik. In ya yi kuskure goma, a zaɓi ɗaya ko biyu a gyara yau. A sa shi ya karanta abin da ya rubuta da ƙarfi, sau da yawa shi da kansa zai ji inda ya tsallake kalma. Sannan ya sake rubutawa. Bulala ba ta da wuri a nan, domin hannun da ke rawa don tsoro ba ya rubutu.

Inda gizo ke saƙa

Kada a ɗauka aikin ba shi da cikas. Mai sa kai mutum ne mai ciki, in damina ta faɗi ko ya samu aikin yi, zai tafi. Wani ma nasa Faransancin da saura, yana iya koya wa yaro kuskure in babu malamin da ke duba shi. Don haka wajibi ne a yi aikin da sanin daraktan makaranta da kwamiti, kuma kada hukuma ta fake da masu sa kai ta manta da nata nauyin na samar da ƙwararrun malamai da littattafai. Haka nan dole wurin karatun ya zama a sarari, kowa na gani, a kuma sallami yara kafin magariba, musamman ɗiya mata. In aka soma karɓar kuɗi kuwa, an koma gidan jiya, domin mai hali dama yana ɗaukar wa ɗansa malamin gida, ɗan talaka ne ake nema wa mafita.

Amma babban cikas yana hannunmu, mu ƴan kasuwa. Lokacin da ake ƙarin darasin, wato bayan la'asar da ranakun da babu lakwal, shi ne lokacin talla da tsaron rumfa. Yarinyar da ta fi kowa buƙatar zaman ita ce ke yawo da faranti a ka. Babu mai musun cewa ribar tallan nan ita ke cika tukunyar wasu gidaje. Sai dai a yi lissafi irin na ƴan kasuwa: awa ɗaya, sau uku a mako, nawa take ragewa a ciniki? Nawa kuma ake asara a shekara saboda bashin da aka manta, ko takardar kaya da aka sa wa hannu ba a san abin da ke ciki ba, ko saƙon salula da sai an kai wa wani ya karanta, ya ji sirrin cinikinka?

Abin da kowa zai iya yi

Hajiya, ko ba ki taɓa shiga aji ba, kina iya gwada ɗanki yau da dare. Ki rufe kayensa, ki ba shi farar takarda, ki ce ya rubuta abubuwa uku da kika sayar da kuɗinsu. Gobe ki ba wani mai karatu ya karanta miki ba tare da yaron yana wurin ba. In abin da kika faɗa ne ya fito, madalla. In ba shi ba ne, kin san inda aka kwana tun kafin jarrabawa ta faɗa miki.

Alhaji, rumfarka ma makaranta ce. Ka ba yaron kaye guda ya zama na shago, ya riƙa rubuta kayan da suka shigo, da sunan mai bashi, da rana. A nan zai haɗu da abin da lakwal ba ta cika koya masa ba: mu muna ƙirga da dala, takarda kuwa da tamma take aiki. In ka ce dala ashirin, 100 zai rubuta. In ka ce dala ɗari, 500 ne. In ka ce jika, 1000. Yaron da ya saba da wannan juyi ya samu rubutu da lissafi a zama ɗaya. In kana rubuta naka da ajami, ku riƙa gwada naka da nasa, kowa ya ƙaru.

Ƙungiyoyin mata su ma suna da ƙarfin da ba a raina shi. Tsarin Mata Masu Dubara, wanda aka soma a jahar Maraɗi a 1991, ya nuna mata na iya tara kuɗi su juya su cikin amana, tun a lokacin da yawancinsu a ka suke riƙe lissafin asusu. Ƙungiyar da ta iya wannan ba za ta kasa sayen alli, kaye da fitila mai aiki da hasken rana ba, ko ta ɗan ba mai sa kai kuɗin sabulu a ƙarshen wata don ya san an san da shi. Haka ƴan kasuwar Dole a Damagaram, ko na babbar kasuwar Maraɗi, ko na Katako a Yamai, kowane layi zai iya ɗaukar nauyin zama guda a unguwar da ya fito.

Sannan in an kira taron kwamitin makaranta, a daure a rufe rumfa na awa ɗaya a je. A tambayi darakta yara nawa ne a kowane aji ke iya rubuta jimla da kansu, a kuma tambayi wane ne a unguwa zai iya ba da lokacinsa. Masu iya magana sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Malami na da nasa, mai sa kai na da nasa, amma awar marecen nan uwaye ne kaɗai ke iya bayar da ita. Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa albarka a kasuwa.