Rana, Ruwa da Iskar Haidirojin

A Nguru da Gashua, inda rana ke ƙuna kuma dausayin Hadeja da Nguru ke riƙe ruwa, an samu abubuwa biyun da ake buƙata wajen samar da haidirojin, iskar da ruwa kawai take bari idan ta ƙone. A 1972 Fujishima da Honda na Japan suka nuna cewa titaniyom dayoksaid, farin garin da ake zubawa a fenti, yana raba ruwa ya fitar da haidirojin idan haske ya sauka a kansa, sai dai ba ya cin moriyar fiye da kusan kashi 5 cikin 100 na hasken rana. Shi ya sa masana ke cusa masa naitirojin domin ya kama hasken da ido ke gani, amma a Nguru da Gashua wajibi ne a yi la'akari da ƙurar hunturu mai lulluɓe farantin da aka shafa wa garin.