Idan Ma'aikaci Ya Kwanta Ciwo, Wa Zai Biya Shi?

Hausawa na cewa lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Sai dai ita lafiya ba ta sallama idan za ta tafi. A nan ƙasar Funtuwa da Malumfashi mutane da yawa suna cin abinci da ƙarfinsu, wasu a injin gurzar auduga, wasu a kan tarakta, wasu wajen lodin buhunan masara. A ce bel ɗin inji ya kama hannun wani magidanci, likita ya ɗaure ya ce sai ya huta wata biyu. Da me iyalinsa za su ci kafin ya warke? Ya kamata ɗalibai da za su fita neman aiki, da iyayenmu da suke aikin albashi, su san amsar wannan tambaya tun kafin ranar ta zo.

A Amurka kamfanoni da yawa sukan saya wa ma'aikatansu inshora ta musamman, wadda take biyan wani kashi na albashi na 'yan watanni idan ciwo ya kwantar da mutum. A Ingila kuwa doka ta tilasta wa mai ba da aiki ya biya kuɗin jinya har tsawon mako 28. Mu a Nijeriya dokoki biyu ne suka raba wannan nauyi, kuma kowace da irin ciwon da ta duba.

Ta farko ita ce Dokar Ƙwadago ta 1974. Ita ta shafi ciwon da bai da alaƙa da aiki, kamar zazzaɓin cizon sauro ko taifot. Sashe na 16 ya ce ma'aikaci yana da haƙƙin a biya shi albashinsa har na kwanakin aiki 12 a cikin shekara, muddin likita mai rajista ya ba da takardar shaida. Idan mai ba da aiki ya nemi likitansa ya sake duba shi, sai ya yarda. Bayan kwana 12 ɗin nan, magana ta koma kan abin da aka rubuta a takardar ɗaukar aiki. A lura kuma, wannan doka ba ta ɗauki manyan ma'aikatan ofis da masu aikin ƙwarewa a cikinta ba. Irin waɗannan sai su karanta sharuɗɗan aikinsu da kyau.

Ta biyu ita ce Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1987. Ita ta shafi rauni ko cutar da aikin ne ya jawo, kamar karaya a bakin inji ko ciwon ƙirji daga ƙurar auduga. Har hatsarin da ya sami mutum a hanyarsa ta zuwa aiki ko ta komawa gida yana ciki. Ga yadda take aiki. Mai ba da aiki yana zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin ma'aikatansa a wani asusu da hukumar NSITF take riƙe da shi. Ba a cire ko kwabo daga albashin ma'aikaci domin wannan, doka ta hana. Daga wannan asusu ake biyan kuɗin magani da diyya. Wanda ya naƙasa gaba ɗaya, ba zai iya komawa aiki ba, ana biyan shi kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata.

Amma akwai wa'adi, kuma a nan ne mutane suke yin asara. Dole ma'aikaci ya sanar da mai ba shi aiki cikin kwana 14. Shi kuma mai ba da aiki ya kai rahoto ga hukuma cikin kwana 7. Neman diyya kuwa a yi shi kafin shekara ta cika. Wanda ya yi shiru don kunya, ya tafi wurin maɗori a ƙauye ba tare da takardar asibiti ba, da wuya ya sami hujjar da zai nuna daga baya.

Gaskiya ce, yawancin 'yan ƙodago da ake biya kullum a gona ba su da takardar ɗaukar aiki, kuma manomi mai noma gonar kansa ba shi da ubangidan da zai zuba masa kuɗi. Su har yanzu gayya da adashi da taimakon dangi da na 'yan'uwa a ikkilisiya su ne inshorarsu. Kada mu bar waɗannan su mutu.

Ku kuwa ɗalibai, ranar da aka miƙa muku takardar aiki, kada murna ta sa ku sa hannu a guje. Ku tambaya kwana nawa ake biyan mara lafiya, kuma ko an yi wa wurin rajista da NSITF. Tambaya rabin ilimi ce.