Girman hoto da girman allo: Ina bambancin yake?

Ɗalibai masu neman gurbi a Jami'ar Tarayya ta Gusau kan garzaya shagunan kwamfuta domin a daidaita musu hoton fasfo kafin su ɗora shi a intanet.

To sai dai a manhajar Photoshop, abubuwa biyu ne ake yawan rikitawa.

Sauya girman hoto na nufin rage ko ƙara ɗigon da suka haɗu suka yi shi. Idan ƙarin ya yi yawa, fuskar kan yi dishi-dishi. Idan kuma gefe guda aka ja, sai ta baje har a kasa gane mai ita.

Allo kuwa shi ne filin da hoton ke kai. Faɗaɗa shi fili kawai yake ƙarawa a gefe, amma rage shi datsewa ce, hula ko kunne na iya salwanta.