Zarto Da Yadi: Sana'ar Da Ta Dace Da Kafintocin Mayo Bani

Duk wanda ya shiga shagunan kayan ado na garin Mubi, ko ya leƙa ɗakin amarya a ƙauyukan da ke kewaye da shi, zai tarar da allunan ratayewa a bango, waɗansu ɗauke da ayoyin Alƙur'ani, waɗansu da addu'o'i ko hoton furanni. Galibinsu na roba ne da aka shigo da su daga ƙasashen waje. Alhali kuwa kafinta na gida yana iya yin wanda ya fi su kyau da ƙarko da hannunsa, in ya san sirrin abubuwa biyu, watau yankan katako da siririn zarto, da kuma shimfiɗa yadi a bayan aikin.

Mayo Bani gunduma ce a Ƙaramar Hukumar Mubi ta Arewa, cikin Jihar Adamawa. Sunan na Fillanci ne, gama "mayo" kogi ke nan. Mubi kuwa ita ce hedkwatar tsohon Lardin Sardauna, wanda ya shigo Nijeriya bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961. Gari ne na kasuwa a gindin duwatsun Mandara, kusa da iyakar Kamaru, yana kuma da manyan makarantu, ciki har da Kwalejin Fasaha ta Tarayya wadda aka kafa a Yola cikin 1979 aka dawo da ita Mubi cikin 1982, da Jami'ar Jihar Adamawa wadda aka kafa cikin 2002. Bayan mamayar da 'yan Boko Haram suka yi wa garin a ƙarshen Oktoba na 2014, da ƙwato shi da aka yi cikin Nuwamba, mutane da yawa sun koma gida hannu sake, sun sake ɗaura ɗamarar neman abinci daga tushe. A irin wannan wuri, sana'ar da jarinta kaɗan ne ba abar rainawa ba ce. Ƙasar Adamawa dai ma ta daɗe da suna wajen zanen ƙwarya, saboda haka idon ado ba baƙo ba ne a nan.

Ita wannan sana'a ta bunƙasa ne a Ingila da Amurka cikin ƙarni na 19, lokacin da aka soma ƙera zarton da ake takawa da ƙafa kamar keken ɗinki. A Ingila har mujalla aka kafa dominta cikin 1895. Dattawa za su tuna da akwatunan rediyo na dā, waɗanda ake huda gabansu da zane mai kyau, a sa yadi a baya don murya ta fito, ƙura kuwa ta kasa shiga. To, dabarar ke nan. A yau akwai zarton mai aiki da lantarki, amma inda wuta ba ta tsayawa, na hannu ya wadatar, sai dai yana bukatar haƙuri.

Yadda ake yi shi ne, a manna takardar zane a kan filawud mai kaurin milimita 3 zuwa 6, a huda ƙaramin rami a kowane gurbin da za a cire, a zura bakin zarto ta ciki, a ɗaure, a bi layi har a fid da gurbin. Mai yankan rubutun Larabci yana da matsala tasa ta musamman, domin ɗigo da wasali ba su haɗe da jikin harafi, in an yanke su sai su faɗi. Ko dai a bar musu 'yar gada ta katako, ko a ajiye su a kafa su daga baya. Ɗigo ɗaya in ya ɓace ya sāke harafi, in kuwa aya ce, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Don haka ya kamata malami ya duba zanen tun ba a ɗora zarto ba.

A wajen sa yadi ne akasarin masu koyo suke tuntuɓe. Sukan shafa gam a bayan katakon da suka yanka, su danna shi a kan yadi. Gam kuwa sai ya tsattsafo ta ramukan, ya bushe ya bar tabo, kuma ba ya fita. Har wa yau, yadin da aka manna a haka ba ya miƙewa daidai, in damina ta zo ya sha laima sai ya saki, ya yi tamoji a tsakiyar rubutu. Aikin mako biyu ya lalace ke nan, mai saye kuma ba zai sake dawowa ba.

Hanyar da ta fi ita ce a yanko wani filawud dabam, daidai girman firam, ya zama shi ne bango. A wanke yadin tukuna don ya gama tsukewa, sitacin da ke jikinsa kuma ya fita, gama sitaci abincin ƙwari ne. A goge shi sarai, a yanka shi ya zarce allon da kamar santimita 3 ta kowane gefe. Daga nan a kifa allon a kansa, a ja tsakiyar gefen sama a kafe ta baya da ƙananan ƙusoshi, a ja na ƙasa, sa'an nan dama da hagu, a bar kusurwoyi sai ƙarshe a naɗe su kamar yadda ake naɗe bangon littafi. In za a sa gam, a baya za a sa shi, wajen naɗin, inda ido ba ya gani. A kuma lura zaren yadin ya tafi miƙe, domin in ya karkace ramukan za su tona asirinsa.

Shi kuma katakon da aka yanka, a gama goge shi da shafa masa mai ko fenti, ya bushe ƙarau kafin ya taɓa yadi. Sa'an nan a jera su cikin firam: gilashi a gaba, aikin zarto a tsakiya, allon yadi a baya, a danne da ƙusoshi, a liƙe gefen da takarda. Ɗigogin da aka ajiye, kowanne a kafa shi da siririyar ƙusa ta ratsa yadi ta shiga allo. Liƙe bayan nan ba ado ba ne, shi ne maganin ƙurar hunturu da kyankyaso. Amfanin wannan tsari shi ne, ranar da yadi ya koɗe ana iya cire shi a sa sabo ba tare da an taɓa katakon ba.

Zaɓen yadi shi ma ilmi ne. Farin katako yana son baƙi, ko kore, ko ja mai duhu. Katako mai duhu irin maɗaci yana son fari ko ruwan madara. Karan-miski ya fi fito da aiki domin ba ya ƙyalli, amma ba a ɗora masa dutsen guga ta fuska. Shadda marar zane mai yawa tana yi, haka kuma saƙin gida. Atamfa kuwa takan yi kishi da zanen katako, ido ya rasa wanda zai duba. Yadin da aka rina da shuni yakan zuba, sai an wanke shi sosai, in ba haka ba ya shafa wa farin katako launi. Ko wane iri aka sa, kada a rataye allon inda rana ke dukansa, ko a bangon da ke jiƙa.

Akwai kuma batun itace. Saran maɗobiya da aka yi ta yi ana kai wa ƙasar Sin ya cinye dazuzzuka da dama a Taraba da Adamawa, har cikin 2016 aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta taƙaita cinikinsu. Wannan sana'a kuwa ba ta cin itace da yawa. Guntayen da kafinta ke zubarwa bayan ya gama gado ko ƙofa sun isa firam, ƙyallen da tela ya rage ya isa bango.

Abin da ya rage shi ne koyarwa. Shugabannin kafintoci da makarantun koyon sana'a na yankin Mubi suna iya sa wannan cikin abin da suke nuna wa yara, masu aurar da 'ya'ya kuma su riƙa tambayar na gida kafin su kai hannu ga na roba. Yaron Mayo Bani da ya iya riƙe zarto, ya kuma san yadda ake ɗame yadi, yana da abin kaiwa kasuwar Mubi da sunansa a baya.