Raƙumin ƙarfe a zangon Damagaram

Shekarun baya, kafin rashin tsaro ya tsuke hanyoyin hamada, akwai wata irin mota da kan shigo Damagaram daga arewa lokacin hunturu, yara su yi ta bin ta da gudu. Ƙatuwar kamiyo ce mai dogayen ƙafafu, amma maimakon kaya, ɗaki aka gina mata a baya. A ciki akwai gado, akwai murhun gas, akwai tankin ruwa, har da ɗan makewayi, a sama kuma an shimfiɗa allunan sola. Yawanci Bature ne da matarsa, sun sayi tsohuwar motar soja ko ta 'yan kwana-kwana sun mai da ita gida. Sun gangaro daga Aljeriya ta Tamanrasset, Asamaka, Arlit, Agadas da Tanut, sun nufi Kano ko gaba da nan, a kan hanyar nan da ta haɗa Aljas da Legas mai tsawon kilomita wajen 4,500. Yau ganinsu a nan ya yi wuya, amma suna nan suna yawo a wasu sassan duniya, kuma ana ta gardama a kansu. Wasu na cewa mai zama a mota ya fi mai gida tausayin ƙasa, wasu na cewa ina, hayaƙi kawai yake bin gari-gari yana rabawa.

Bai kamata wannan gardama ta sha wa mutumin Damagaram kai ba, domin ya san raƙumi. Ita kanta unguwar Zango ai ayari ne ya haife ta, nan Buzaye da fatake ke sauke kaya a wajen ganuwar Birni tun zamanin su Sarki Tanimu. Duk wanda ya taɓa taya raƙumi a kasuwa ya san abin da ake tambaya: yaya shansa, yaya cinsa, nawa yake ɗauka. Wanda kuma ya taɓa barin ayari ya kwana a gonarsa ya san tambayar da ta fi waɗannan, wato me zai tarar da safe bayan sun tashi.

Wajen ruwa kam, motar nan raƙumi ce ta gaske, kuma sai an yaba mata. Tankinta bai wuce bido 15 ko 20 ba, amma mutum biyu kan ja shi sati guda, wani lokaci har biyu, da wanka da wanke-wanke da shayi. A gidajen Turai kuwa mutum ɗaya kan zubar da bido biyar ko shida kafin rana ta faɗi. Ka ga mota ta koya musu abin da matan Garin Malam suka daɗe da sani, cewa ruwan da aka wanke shinkafa da shi bai gama aiki ba. Sai dai raƙumi in ya durƙusa a bakin rijiya ba kurɓa yake yi ba, zuƙa yake. Motar da ta tsaya a famfon wani ƙauye bayan Tanut ta cika cikinta lokaci guda, ta shanye rabon gidaje da yawa na wannan yini. Mu da garinmu ke zaune a kan dutse, ake janyo mana ruwa daga Gogo-Machaya da Arunguza, muka kuma ji cewa ƙarancin ruwa na cikin abin da ya sa Faransawa suka mai da babban birni Yamai a 1926, ba sai an yi mana bayanin darajar bido ɗaya a watan bazara ba.

Wajen ci ne suka raba hanya. Raƙumi yana ci in ya sauka, ya ɗaure ciki in ya kama hanya. Ita mota akasin haka take. In tana durƙushe ba ta cin komai, rana ce ke ba ta fitila da sanyin firji. Da ta miƙe kuwa sai haɗama. A kan kwalta takan sha gazuwal lita 25 ko kusa da haka a kowane kilomita 100, in ta faɗa cikin rairayi abin ya kusa ninkawa. Daga Damagaram zuwa Agadas kilomita wajen 450 ne, ka ga an haura lita 100 ke nan. Kowace lita in ta ƙone tana sakin iskar kabon fiye da kilo biyu da rabi, ta fi man kansa nauyi saboda ta haɗu da iskar da injin ya shaƙa. Lissafa ka gani: wajen nauyin buhu uku na hatsi ne aka watsa sama, ba wanda ya gan su. In aka raba hayaƙin Nijar duka a kan mutanenta, kowa bai fi buhu ɗaya ba a shekara. Tafiyar yini ɗaya ko biyu ta cinye rabon mutum uku na shekara cur. Wannan iska kuma ba ta da bizar komawa Turai, tana nan tana ƙara wa duniya zafi, manomin Damargu da ke zuba ido ga hadari shi ne na farko da zai ji a jikinsa.

To, sai maganar kaya, kuma a ganina nan gizo ke saƙa. Raƙumin da ke kai hatsi Bilma da Fashi ya dawo da kantun gishiri da dabino, abin da yake ɗauka bai wuce kilo 150 ba. Babbar motar da ta ɗauki tan 30 ta yi aikin raƙuma 200, banda mutanen da ke zaune a saman kaya. Tana shan mai sosai, amma man ya rabu a kan buhuna ɗari-ɗari da bakunan da za su ci. Ita kuwa motar yawon buɗe ido, da nauyinta na tan 10 ko fiye, mutum biyu da katifa take ɗauke da su. Kamar ka ɗebo harawar garke guda ka zuba wa amale ɗaya, don ya kai butar shayi Agadas. Amma a yi musu adalci. Ba su bar wani gida a baya ana ɗumama shi da gas duk hunturu ba, ba sa hawa jirgin sama. Wanda ke sauka wuri ya yi wata guda kafin ya matsa gaba kaɗan, yana iya ƙone abin da bai kai na maƙwabcinsa da ya zauna a gida ba. Wanda kullum yana kan hanya, allunan solarsa ba za su wanke shi ba.

Yanzu mu zo ga abin da ake tararwa da safe. Bayan kaka, in 'yan azalai, wato ayarin gishirin nan na Bilma, suka gangaro kudu, manomi har murna yake raƙuma su kwana a gonarsa, wani ma ya bi su da tiyar hatsi, domin kashin raƙumi taki ne, baɗi a nan dawa za ta fi tsayi. Kashin mota kuwa baƙin mai ne, da mataccen batir, da tsohuwar taya, da gwangwani da leda. In aka yi wa babbar mota juye, man da ke fita ya cika bido guda. A zuba shi a rairayi ya ɓace wa ido, amma bai tafi ko'ina ba, yana nan yana tsiyaya ƙasa, kuma kaɗan daga cikinsa ya isa ya ɓata rijiya. A wurare irin kwarin Korama da garaken Mirya, inda ruwa ke kusa da sama, wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce. Leda kuma mahauta sun san inda take ƙarewa, suna ciro ta daga tumbin awaki, duk da dokar hana ta da aka yi tun 2014.

A nan kada mu ɗora wa baƙo duk laifin, don masu zama a mota na gaske namu ne. Direbobin Dirku da karnukan motarsu, da masu tankokin da ke ɗaukar mai daga matatar SORAZ, wadda aka buɗe a 2011 kan hanyar Tanut, suna shafe makonni mota ce ɗakinsu, ƙarƙashinta ne inuwarsu. Ba son ransu ba ne, neman halal ne, kuma ba wanda ya tanadar musu inda za su zuba abin da motar ta fitar.

Sai sawu. Tafin raƙumi laushi gare shi, ayari kuma a jere yake tafiya, bayan wannan wancan. Inda kwalta ta mutu kuwa, kowane direba sabuwar hanya yake buɗewa, sai ka ga sawu goma a jere sun tattake makiyaya, ƙarangiyar da dabbobi ke dogaro da ita ta murƙushe, ƙasa ta sassauta, iska ta kwashe. Labarin itacen Tenere ya isa misali. Shi kaɗai yake tsaye a tsakiyar hamada, ayari bayan ayari suka yi ta wuce shi ba wanda ya sare shi don wutar shayi, sai a 1973 wata babbar mota ta banke shi. Gangar jikinsa na ajiye a gidan tarihi na Yamai. A Termit da Tin Tumma ma, wurin da aka keɓe don namun daji a 2012, barewar nan mai murɗaɗɗen ƙaho da ake kira adaks ta iya da ƙishirwa, amma ba ta iya tsere wa mafarauci a mota ba. Binciken da aka yi a 2016 uku kacal ya gani.

Baƙon da zai dawo in hanya ta yi kyau, marhabin da shi, amma ya rage gudu ya tsawaita zama, ya bi sawun da ya tarar, ya nemi izini kafin ya cika tanki a ƙauye. Namu aikin kuma ba na jiran kowa ba ne. Ƙungiyoyin direbobi, da sarakunan tasha, da magajin gari, su sa a ajiye duro na baƙin mai da wurin tara batir da taya a kowace tasha daga Magariya har Tanut, a kuma sa wanda zai riƙa kwashewa.