HUKUNCIN ƊALIBIN DA KE KARƁAR KAYAN ABINCI BASHI A SHAGO

TAMBAYA:

Ni ɗalibi ne a jami'ar Aliero, ina zaune ni kaɗai a ɗakin haya. Ina karɓar shinkafa, taliya da mai a wurin mai shago, wani lokaci in ci a wurin mai abinci, sai an turo min kuɗi daga gida Maiyama in biya. Yanzu mai shagon ya ce zai riƙa rubuta kaya kawai, in biya da farashin ranar biya, saboda kaya suna tashi a kasuwar Jega inda yake sarowa. Shin ya halatta?

AMSA:



Ɗana, sayen abinci bashi halal ne, kuma ba abin kunya ba ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha (RA) cewa Annabi (SAW) ya sayi abinci bashi a wurin wani Bayahude, ya ba shi sulkensa jingina. Amma akwai sharuɗɗa guda biyu: a san kuɗin kaya tun lokacin ciniki, a kuma san lokacin biya.

Don haka tsarin da mai shagon ya kawo bai inganta ba. Ka ɗauki tiyar shinkafa ka dafa ka cinye, alhali kai da shi babu wanda ya san nawa ake binka. Wannan shi ne gararu, wato cinikin da aka jahilci kuɗinsa, kuma Annabi (SAW) ya hana shi kamar yadda Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (RA).

Sai dai shari'a ba ta bar mai shago ya yi asara ba. Yana da hanyoyi biyu:

1. Ya sa wa bashi farashinsa tun farko. Misali ya ce kuɗi hannu N2,000, zuwa ƙarshen wata N2,200, ku tsaya a kan ɗaya kafin ka ɗauki kayan. Mafi yawan malamai sun halatta haka.

2. Ya ba ka rance, ka mayar masa da tiya a madadin tiya, irin shinkafar da ka karɓa, ko ta yi tsada ko ta yi araha.

Abin da ya haramta shi ne a ƙara maka kuɗi don ka yi jinkiri bayan an riga an yanke farashi. Wannan shi ne ribar da Allah Ya haramta a Suratul Baƙara, aya ta 275.

Haka hukuncin yake a wurin mai abinci. In kuɗin kwano sananne ne, ka ci ta rubuta, babu laifi. In ta ƙara kuɗi, ƙarin ya hau kan kwanon da za ka ci nan gaba, ban da wanda ka riga ka ci.

Kai ma akwai haƙƙi a kanka. Aya ta 282 ta yi umarni da rubuta bashi, don haka ka riƙe naka lissafin, ko a waya ne. Ranar da kuɗi suka shigo ka fara da shago kafin sayen data, domin jinkirin mai hali zalunci ne, kamar yadda ya tabbata a Bukhari da Muslim. Kada kuma ka tafi hutu da bashin mutane ba ka sanar da su ba, domin ɗan jarin nan da shi suke ciyar da iyalansu. In kuɗin sun makara, ka je da ƙafarka ka yi bayani. Aya ta 280 ta umarci mai bin bashi ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci.

Ka same shi cikin ladabi, ku zaɓi ɗaya daga hanyoyin nan biyu. Allah Ya ba ka ilimi mai amfani, Ya yalwata wa iyayenka.

Wallahu a'alam.